Amsoshin Wasiƙunku: Gishirin da Lantarki Ke Bi Ba Turjiya

Wasiƙu sun taru, agogo kuma ba ya jira.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Zariya. Wai malaminsu ya ce akwai sinadaran kabon da lantarki ke ratsawa ba tare da asarar komai ba. Gaskiya ne, ko malam ya sha rana?

Haba ƙanwata, ki bar malam ya huta, gaskiya ya faɗa. Tun 1911 Kamerlingh Onnes na ƙasar Holan ya ga zaiba ta daina yi wa lantarki turjiya a sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. To, zaiba ƙarfe ce. A 1964 William Little na Jami'ar Stanford ya ce dangin kabon ma za su iya. Sai a 1980 Denis Jérome a Faransa ya tabbatar, da wani gishiri da Klaus Bechgaard ɗan Denmak ya haɗa. Ba na miya ba ne, kada wani ya lasa.

Ƙwayoyin wannan gishiri jere suke, ɗaya bisa ɗaya, ilektiron kusan layi guda suke bi. In aka sanyaya shi haka nan, a wajen digiri 261 ƙasa da sifiri sai maganaɗisun ilektiron ya jeru, wannan ya dubi sama, na gaba ya dubi ƙasa, lantarki ya tsaya cik. Amma a matse shi da nauyin da ya ninka na iska sau 12,000, layukan su kusanci juna, sai maganaɗisun ya janye, a digiri 272 ƙasa da sifiri turjiya ta ɓace ɗungurungum.

Nan ne abin ke burge ni. An saba ɗaukar maganaɗisu da rashin turjiya kishiyoyi, in ɗaya na ɗaki ɗaya ba ta shiga. Sai ga shi masana da yawa na ganin motsin maganaɗisun ne ke haɗa ilektiron biyu-biyu har su yi gudu ba turjiya. Muhawara ba ta ƙare ba, amma ni dai na karkata can.

Wani bawan Allah daga Maraɗi: ko wannan gishiri zai kawo ƙarshen ɗauke wuta? Kai jama'a, kowane mako sai an tambayi wannan! Malam, ɗan ƙanƙanin kiristal ne mai saurin karyewa, ga sanyin da yake bukata. Riƙe fitilarka.

Mai tambaya kan na'urar hoton asibiti ta MRI: wayar ƙarfe ce a ciki, niyobiyam da titaniyam, babu ruwanta da gishirin nan. Lokaci ya ƙure, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.