Darasi: Ƙashin Layya Taki Ne

Ku sani jigawar ƙasarmu tana ƙarancin wani sinadari mai suna fosfor, wanda in babu shi saiwar hatsi ba ta ƙarfi. Daga dutse ake haƙo shi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen yana Maroko. Namu na yankin Tawa kaɗan ne.

Kowane damin da ya bar gona ya tafi da rabonsa, ya ƙare cikin kashin dabbobi, da toka, da ƙasusuwa. To, ƙasusuwan layya da muke watsarwa a juji, wannan almubazzaranci ne. A ƙona su, a daka, a gauraya da takin gida, a kai gona kafin shuka.