Me Ke Sa Takalmin Fata Tsagewa da Hunturu?

Malam Sani daga Funtuwa ya ce takalminsa sau-ciki yana tsattsagewa da hunturu, ko mene ne magani?

To Malam Sani, bushewa ce. Fata na son maiƙo, iskar hunturu kuwa tana zuƙe shi. Da farko kaɗe ƙura da burushi, domin shafa mai a kan ƙura, ɗaure ta kawai ka yi. Sannan shafa man takalmi kaɗan, kaɗan fa, ka bar shi ya sha, ka goge da ƙyalle mai laushi.

In ya jiƙe, kada ka shanya shi a rana ko kusa da wuta. Cusa masa tsohuwar jarida, ya bushe a inuwa.