Abin da ya sa mota ba ta tsayawa nan take

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san wannan: direba ya taka birki ba zato, sai fasinja su yi gaba, wani har goshinsa ya bugi kujerar da ke gabansa. Babu wanda ya tura su. Motar ce ta rage gudu, jikinsu kuwa ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

An daɗe ba a gane haka ba. Aristotal, masanin Girka, ya koyar cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, aka bi maganarsa kusan shekara 2,000. Galileo na Italiya ne ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako har ya ga akasin haka. A 1687 Isaac Newton na Ingila ya tsara abin ya zama doka: abin da ke ajiye yana nan a ajiye, mai tafiya kuma zai miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi ya tare shi. To, a cikin mota ƙarfin da zai tare ka ɗayan biyu ne, ko bel ɗin kujera ko abin da ke gabanka, kujera ko gilashi.

Yanzu sai batun birki, kuma nan ne ake son mai karatu ya natsu. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin tafiya, birki kuwa aikinsa ya cinye wannan ƙarfi ta hanyar guga, ya mai da shi zafi. Shi ya sa babbar mota in ta sauko dogon gangare da lodi za ka ji birkinta yana ƙauri. Amma ƙarfin nan ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. In sau uku, sau tara. A ce mota tana gudun kilomita 50 a awa, birki ya tsai da ita cikin mita 15. A gudun kilomita 100, a kan kwalta ɗaya da taya ɗaya, sai ta ci mita 60. Ba a ma sa lokacin da direba zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki ba, alhali a wannan gudu mota tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Direban da ke cewa hannunsa ya faɗa, ai ba da hannunsa lissafin yake ba.

Me ya sa na ciki ba ya jin haɗarin? Galileo ya bayyana a 1632 cewa wanda ke ƙulle a ɗakin jirgin ruwa mai tafiya sumul ba zai iya sanin ko jirgin tafe yake ko tsaye ba. Jiki ba ya jin gudu, canjin gudu kawai yake ji. A kan wannan tushe Albert Einstein ya ɗora nasa nazarin a 1905.

Amma rashin jin gudu ba ya rage haɗarinsa. Uwar da ta rungume ɗa a kujerar gaba ta sani, karo da bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 tsayin ya kusa mita 40.