Musayar Bayanai a Cinikin Shanu: Darasi Daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri

Kasuwar Shanu ta Maiduguri tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabashin Nijeriya. Tun shekaru masu yawa fatake ke kawo shanu cikinta daga karkarar Borno da kuma ƙasashen Chadi, Kamaru da Nijar, ta iyakoki irin su Gamboru Ngala da Banki. Daga nan ake lodin wasu a tirela zuwa Legas, Ibadan, Anaca da Fatakwal, wasu kuma su wuce mayanka. Ke nan sa guda yakan bi ta hannun makiyayi, falke, dillali, direba da mahauci kafin namansa ya isa tukunya.

Kowane daga cikin waɗannan mutane ya san wani abu game da san. Makiyayi ya san ko garkensa ya yi ciwon huhu, da ranar da aka yi wa dabbar allurar magani. Dillali ya san wanda ya kawo ta. Likitan dabbobi da ke duba nama a mayanka shi ke ganin alamar tarin fuka ko ciwon hanta. Matsalar ita ce kowa yana riƙe da nasa sanin, ba ya isa ga na gaba.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan hali rashin daidaiton bayani. A shekarar 1970 George Akerlof, wani masani ɗan Amurka, ya yi bayaninsa da misalin kasuwar motocin hannu. Idan mai saye ba zai iya bambanta mai kyau da marar kyau ba, sai ya taya su duka a farashi mai rauni don gudun asara. Mai kaya nagari shi ke cutuwa, mai ɓoye aibi kuwa ya ci riba. Haka abin yake a kara: makiyayin da ya kashe kuɗi kan rigakafi ba ya samun ƙarin ko kwabo matuƙar babu shaidar da za ta raba sansa da na wanda bai yi ba.

Tarihi ya nuna tsadar wannan shiru. Ciwon bushiya ya sake ɓarkewa a Nijeriya a farkon shekarun 1980, ya kuma yi wa garake mummunar ɓarna a 1983, alhali an yi zaton gangamin rigakafin da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru ya gama da shi. Bayan an kammala gangamin ne sa ido ya yi sanyi, cutar ta sami hanyar dawowa. Sai da ƙasashen Afirka suka sake haɗa kai daga 1986, suna yin allura tare da sanar da juna inda cutar ta ɓulla, kafin a kai ga shelar kawar da ita daga duniya a 2011.

Har ila yau, haɗarin bai tsaya ga cuta ba. A watan Maris na 2016 gwamnatin Jihar Borno, ƙarƙashin Gwamna Kashim Shettima, ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu huɗu, wato Gamboru, Dusuman, Shuwari da Ngom, bisa dalilin cewa 'yan Boko Haram suna shigo da shanun sata ta hannun 'yan tsakiya. Da yake babu hanyar tantance san halal daga na sata, sai hukuncin ya hau kan kowa, har da masu ɗora kaya da masu sayar da abinci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Akwai kuma misalin da ke nuna amfanin sanarwa da wuri. A watan Yuni na 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta gargaɗi jama'a game da ciwon saifa da ya ɓulla a arewacin Gana. Da dabbobi suka fara mutuwa a wata gona da ke yankin Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom ta tabbatar da cutar, aka killace gonar, aka shiga rigakafi. Ciwon saifa yana kama mutum ta hanyar nama, jini ko fata, don haka mahauta da majema su ne a bakin gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe kimanin 137,000.

Bayanan da ake bukata a kasuwa irin ta Maiduguri ba su da yawa: inda dabba ta fito, sunan wanda ya kawo ta, ranar rigakafi ko magani na ƙarshe, lambar motar da ta ɗauke ta, da inda aka nufa da ita. Ranar magani tana da muhimmanci domin ragowarsa takan zauna cikin nama na wasu kwanaki. Idan mayanka ta ga cuta, sai labari ya koma baya ta wannan hanya har ya isa rugar da dabbar ta fito. Dillalai ma sun riga sun haddace mafi yawan wannan, domin sana'arsu ta ginu ne kan tsaya wa baƙo. Abin da ya rage shi ne a rubuta, a kuma haɗa littafin ƙungiyar dillalai da na mahauta da na ofishin likitan dabbobi.

Sai dai akwai cikas iri uku. Na farko tsoron asara: wanda ya san za a ƙwace dabbarsa ba tare da diyya ba, zai gwammace ya yanka ta a ɓoye. Na biyu tsoron haraji da sirrin ciniki, domin falke ba zai so abokin gasarsa ko mai karɓar kuɗin shiga ya san yawan abin da ya saya ba. Na uku bambancin takardu. Kungiyar ECOWAS ta amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, amma Chadi da Kamaru ba sa cikinta, Nijar kuma ta fice a watan Janairu na 2025. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ita ce inuwar da ta haɗa ƙasashen huɗu, don haka nan ne ya fi dacewa a daidaita takardun.

Ingila ta koyi wannan darasi da tsada. Bayan Tarayyar Turai ta haramta sayen naman shanunta a 1996 saboda ciwon haukan shanu, ta tilasta wa kowace saniya fasfo da lamba a kunne. Nijeriya ta sabunta dokarta ta cututtukan dabbobi a 2022, ta kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. Ma'aunin nasarar waɗannan matakai a Kasuwar Shanu shi ne a tanadi asusun diyya ga wanda ya kai rahoton cuta, a ba ƙungiyoyin kasuwa tabbacin cewa ba za a miƙa littafinsu ga masu haraji ba, sannan mai saye daga Legas ya yarda ya ƙara farashi a kan san da ya zo da takardar shaida.