Naɗe Salansar Kunkuru: Zai Rage Zafin Inji?

Tambaya: Ina da tsohuwar Volkswagen, kunkuru, wadda na gada daga mahaifina. Da bazara ta shigo sai inji ya riƙa ɗaukar zafi sosai. An ba ni shawarar in naɗe bututun salansa da ƙyallen nan na zaren gilashi. Ko in yi? (Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. A ganina kada ka naɗe.

Ƙyallen ba ya kashe zafi, tsare shi yake yi a cikin bututu. Masu motocin tsere ne suka fi amfana da shi, kuma su ba su damu da saurin lalacewar salansa ba. A mota irin taka, ƙarfen zai gasu fiye da da, ya tsage a wurin walda. Idan damina ta sauka ƙyallen ya sha ruwa, tsatsa ta ci bututun daga ƙarƙashi ba ka gani. Mafi muni, tsohuwar kunkuru ba ta rasa ɗigar baƙin mai, kuma ƙyallen da ya jiƙe da mai a kan ƙarfe mai zafi na iya kama wuta.

Wannan mota, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, ba ta da lagireto. Fanka ke hura iska a kan silinda huɗun, baƙin mai kuma, lita 2.5 kacal, ya kwashe sauran zafin. Salansa tana ƙasa, a waje. Abin da ya raba ta da ɗakin inji shi ne faifan kwanon da ke kewaye da injin, da robar da ta toshe gefensa. Nan ne matsalar ta fi yawa. Sau da yawa bakanike kan sauke inji, ya ga kwanon nan kamar ado ne, ya jefar da shi gefe. Daga nan fanka ta koma zuƙo iskar salansa mai ƙuna tana hura wa injin, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Buɗe bayan motar ka duba. In kana hango ƙasa ta gefen inji, to ga ciwon nan. A maido da kwanon, a sa sabuwar roba. A wanke ƙurar hunturu da ta daskare da mai a tsakanin haƙarƙarin silinda. Ka danna bel ɗin fanka da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da kimanin santimita 1. A daidaita bawul a kan milimita 0.15 da safe, inji na sanyi, a kuma duba tayimin.

In akwai wurin da tiyon fetur ya matso kusa da salansa, a janye tiyon, ko a ɗaura ɗan faranti tsakaninsu a bar rata iska ta riƙa ratsawa.