Yadda Wuta Ke Tashi Cikin Tarin Kwal

JALINGO: Kwal, irin wanda ake haƙowa a Maiganga ta Jihar Gombe, yakan kama da wuta ba tare da an ƙyasta ashana ba. Iskar da ke ratsa tarin ce kwal ke zuƙa, yana fitar da zafi. Idan tarin ya yi tsayi zafin ya rasa mafita, sai ya taru a ciki har garwashi ya kama. Sabon gawayin da dillalan Jalingo ke jibgewa kafin ya huce shi ma yana cikin wannan haɗari. Wajibi ne a danne tarin kwal sosai, a rage tsayinsa, a fara sayar da tsohon kaya. A ƙarƙashin ƙasa kuwa abin ya fi muni: wutar Centralia a Amurka tana ci tun 1962.