Yadda Za Ka Magance Cijewar Bidiyo Da Matsalar Sauti A Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Da yawa daga cikinmu da waya muka fara sanin intanet, sai daga baya muka samu kwamfuta, ko dai tsohuwar da aka bar mana a gida, ko wadda muka tara kuɗi muka saya ta hannu domin koyon aiki ko shirin jarrabawar JAMB. Ranar da ka fara kunna bidiyo a kanta sai ka ga abin mamaki. Bidiyon da wayarka ke nunawa sumul, a kwamfutar sai ya riƙa cijewa, hoto ya tsaya murya na tafiya, fanka kuma tana ta ƙara. Wani lokacin hoton lafiya lau, amma sauti ko ɗigo babu.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Wani a ce masa ya ƙara RAM, wani a goge masa kwamfutar a sake ɗora Windows, hotunansa da takardunsa su salwanta, ya dawo gida ya tarar matsalar tana nan daram. Alhali sau da yawa babu abin da ya lalace. Don haka kafin ka kashe ko sisi, bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa waya ke iyawa, kwamfuta ta kasa?

Kowane bidiyo a matse yake zuwa domin kada ya cinye data da wurin ajiya. Tsarin da aka bi aka matse shi ana kiransa kodek, kuma dole na'urarka ta warware shi kafin ka ga hoto. Masu wannan aiki biyu ne. Akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin kowane irin aiki. Akwai kuma wani ɗan sashe a cikin na'urar sarrafa hoto da ake kira GPU, wanda ba shi da aikin da ya wuce warware bidiyo. Bambancinsu kamar na mai daka a turmi ne da wanda ya kai niƙa inji. Idan GPU ya karɓi aikin, shi ne abin da za ka ga an rubuta hardware acceleration a cikin saituna, furosesa kuma ta samu sararin yin wasu ayyukan.

Matsalar ita ce wannan sashe ba ya warware sai kodek ɗin da aka ƙera shi da shi. H.264 ya fito tun 2003, kusan kowace kwamfuta daga 2011 zuwa yau ta san shi. H.265 da VP9 sun fito a 2013, AV1 kuma a 2018. A furosesocin Intel, sai a zubi na shida aka samu cikakken mai warware H.265, VP9 a zubi na bakwai, AV1 kuma sai a zubi na goma sha ɗaya. Ke nan kwamfuta mai Core i5 zubi na biyu ko na uku, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da suka cika kasuwanninmu, H.264 ne iyakarta. Yawancin kwamfutocin ofis masu Core 2 Duo ko wannan ma ba su da shi cikakke. YouTube kuwa yanzu ya fi turo VP9 da AV1. Wayarka sabuwa ce, an ƙera ta bayan fitowar yawancin waɗannan tsare-tsare. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Mataki na 1: Intanet ce ko kwamfuta?

Ka ɗauko wani bidiyo da ke ajiye a filashi ka kunna shi. Idan ya tafi lafiya, a intanet ne kawai yake cijewa, to laifin na netwok ne ko na burauza. A YouTube, danna ɓangaren dama na mawus a kan bidiyon ka zaɓi Stats for nerds. Idan Buffer Health na sauka zuwa sifili, da'ira na juyawa a tsakiyar allo, netwok ne. Idan kuwa adadin da ke kusa da kalmar dropped ne ke ta hauhawa, kwamfutar ce ke zubar da hotuna saboda ta kasa riskarsu. A wurin da aka rubuta Codecs za ka ga avc1, wato H.264, ko vp09, ko av01.

Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager yayin da bidiyon ke tafiya. Idan CPU ya kai kashi 90 zuwa 100, to da turmi ake dakan.

Mataki na 2: Duba direban hoto

Direba ita ce 'yar manhajar da ke haɗa Windows da kowace na'ura da ke cikin kwamfuta. Sau da yawa mai sayarwa yakan ɗora Windows ya miƙa maka ba tare da ya saka ta ba.

1. Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter.
2. Buɗe Display adapters.
3. Idan ka ga suna kamar Intel HD Graphics ko NVIDIA ko AMD Radeon, direban na nan. Idan kuwa ka ga Microsoft Basic Display Adapter a Windows 10, ko Standard VGA Graphics Adapter a Windows 7, to ka kama ɓarawon. Babu direba, furosesa ce ke ɗauke da komai.

Domin sanin wacce za ka nema, danna dama a kan sunan, ka shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na nufin Intel, VEN_10DE na nufin NVIDIA, VEN_1002 kuma AMD. Fara gwada Windows Update. Idan bai kawo ba, shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka rubuta lambar samfurinta da ke jikin akwatin, ka sauke direban daga can. Ka guji manhajojin nan da ke tallar za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, da yawansu talla da tarkace suke cusa wa kwamfuta.

Bayan ka saka ka sake kunna kwamfutar, sai ka rubuta dxdiag a wurin da ka rubuta umarnin farko, ka shiga Display. Ya kamata ka ga Enabled a gaban Direct3D Acceleration.

Mataki na 3: Gyara burauza

A Chrome, shiga Settings, sai System, ka tabbata Use graphics acceleration when available a kunne yake. Daga nan ka rubuta chrome://gpu a wurin adireshi ka duba layin Video Decode. Idan an rubuta Hardware accelerated, burauzar na iya miƙa wa GPU aiki.

Amma ka tuna, ko a kunne yake, idan YouTube ya turo VP9 ga kwamfutar da ba ta san shi ba, aikin kan furosesa zai koma. Maganin wannan shi ne wata 'yar ƙaramar manhaja kyauta mai suna h264ify da ake liƙa wa Chrome ko Firefox. Aikinta ta sa YouTube ya turo H.264. Bayan ka saka ta, sake buɗe Stats for nerds, idan ka ga avc1 to ta kama aiki, kuma za ka ga CPU ya sauko sosai. Iyakarta 1080p, wanda ya ishi tsohon allo. Ka kuma kunna zaɓin Block 60fps da ke cikinta, domin hoto 60 a daƙiƙa ninki biyu ne na aikin hoto 30.

Rage girman bidiyon ma na taimakawa fiye da yadda ake zato. Hoton 1080p na da ɗigo 2,073,600, na 720p kuma 921,600, wato bai kai rabi ba. Ga ragin data a kai.

Akwai kuma akasin haka. Idan bidiyo na fitowa kore shar, ko baƙi ƙirin da murya kawai, ko allo na ƙyaftawa, alama ce tsohuwar direbar ba ta jituwa da sabuwar burauza. A nan kashe wancan saitin za ka yi, ka kalla a 480p ko 720p.

Mataki na 4: Bidiyon da ka turo daga waya

Wannan na yawan faruwa. Ka ɗauki bidiyon biki da waya, ka tura kwamfuta, sai ya ƙi buɗewa ko ya riƙa fizga. Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone kan ɗauki bidiyo da H.265, wanda ake kira HEVC, kuma wayoyin Android da yawa na da wannan zaɓi. Buɗe fayil ɗin da VLC ka danna Ctrl da J, za ka ga kodek ɗinsa.

Domin gaba, a iPhone shiga Settings, sai Camera, sai Formats, ka zaɓi Most Compatible. A Android duba saitunan kyamara ka kashe HEVC ko High efficiency video. Waɗanda ka riga ka ɗauka kuwa, manhajar HandBrake kyauta ce, za ta mayar maka da su H.264, sai dai za ta ɗau lokaci a tsohuwar kwamfuta.

A VLC ɗin, shiga Tools, sai Preferences, sai Input / Codecs, ka duba Hardware-accelerated decoding. Bar shi a Automatic. Idan hoto na wargajewa, gwada DirectX Video Acceleration, idan bai yi ba ka zaɓi Disable. Idan murya da motsin baki ba sa tafiya tare, madannan J da K na matsar da sauti gaba ko baya har su daidaita.

Mataki na 5: Idan babu sauti

Fara da abin da hannunka ke iya taɓawa. Allon kwamfutar tebur galibi ba shi da lasifika kamar waya. A bayan akwatin akwai ƙananan ramuka masu launi: kore na lasifika ko abin saƙalawa a kunne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. Idan ramin gaba bai yi ba, gwada na baya, domin a kwamfutocin hannu akan samu wayar ramin gaba ta cire daga ciki. Ka gwada lasifikar a wayarka ka tabbata tana aiki.

Ka kuma san cewa wayar VGA mai shuɗin kai hoto kawai take ɗauka. Idan da ita ka haɗa kwamfuta da talabijin, sai ka ƙara wayar sauti daban. HDMI da DisplayPort ne ke ɗaukar hoto da sauti tare.

Idan wayoyi daidai suke, danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl. A ƙarƙashin Playback za ka ga jerin wuraren da sauti ke iya fita. Sau da yawa Windows kan tura sautin zuwa allon da ba shi da lasifika. Danna Speakers, sannan Set Default. Idan ba ka gan shi ba, danna dama a fili ka zaɓi Show Disabled Devices, ka kunna shi.

Idan akwai jan alama a kan hoton lasifika da ke ƙasan allo, koma Device Manager ka duba Sound, video and game controllers. Alamar ɗorawa na nufin direba ce babu, yawanci ta Realtek, kuma a shafin kamfanin kwamfutar za ka same ta. Idan babu komai a jerin, shiga BIOS ka duba ko an kashe Onboard Audio. Idan duk wannan bai yi ba, akwai ɗan ƙaramin abin sauti mai kama da filashi da ake soka wa a ramin USB, ba shi da tsada, kuma ba ya buƙatar direba ta daban.

Idan sautin na karkarwa ko tsinkewa

Duba Task Manager tukuna. Idan CPU a cike yake, ciwo ɗaya ne da na bidiyon, kana gyara wancan wannan zai tafi. Idan ba haka ba, a cikin mmsys.cpl danna Speakers sau biyu, ka kashe duk abin da ke ƙarƙashin Enhancements, sannan a Advanced ka zaɓi 16 bit, 48000 Hz ko 44100 Hz. Ƙugi mara yankewa kuwa, musamman idan ana kan janareta, daga wuta yake zuwa. Ka raba wayar sauti da wayoyin wuta, ka gwada wani soket.

Kada ka manta da ƙura

Idan bidiyo ya fara lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ya soma cijewa, zafi ne. Furosesa na rage gudunta da kanta idan ta ɗau zafi domin kada ta ƙone. Ƙurar hunturu na toshe fanka da ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ga kuma zafin bazara. Cire kwamfutar daga wuta, buɗe murfin gefe, ka riƙe fankar da yatsa ka hure ƙurar da abin hura iska. Idan ta shekara da yawa ba a taɓa ta ba, ka sa mai gyara ya sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen.

Yaushe ya kamata ka kashe kuɗi?

Sai bayan ka gama duk waɗannan. RAM na da amfani idan Task Manager ya nuna Memory a cike, misali kana da 2GB ko 4GB a Windows 10, amma ba ya koya wa kwamfuta sabon kodek. Katin hoto ne ke yin wannan. Ka lura wajen saye: GeForce GT 710 H.264 ne iyakarsa, shi kuwa GT 1030 na 2017 yana warware H.265 da VP9, kuma ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Idan akwatinka siriri ne, ka ce a ba ka mai gajeren ƙarfe da ake kira low profile, in ba haka ba ba zai shiga ba.

Abu na ƙarshe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome 109 ne na ƙarshe da ke aiki a kansa, tallafin yau da kullum na Windows 10 ma ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Don haka kallo da karatu babu laifi, amma harkar banki ka bar ta a wayarka da ke samun sabuntawa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Kwamfuta mai shekara goma sha biyu, idan ta samu direbanta, aka ba ta H.264 a 720p, aka share mata ƙura, za ta kai ka ƙarshen darussanka lafiya. Wanda ya bi matakan nan bai dace ba, ya rubuto mana sunan furosesarsa da abin da ya gani a Display adapters, za mu duba tare. Sai mun haɗu a darasi na gaba.